Ruwan da Ba na Sama Ba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Likita ya ce in riƙa rubuta awon hawan jinina a littafin nan safe da yamma. Na rubuta na yau, rabin layi ya ci, ga sauran shafi fari fat yana kallona. Bari in cika shi da surutun da ba ni da mai saurare.

Wata bakwai ke nan ina zaune a gidan Auta, 'yata ta ƙarshe, tun da gwiwa ta raba ni da gareji. Ba a rage ni da komai ba, Allah ya sani. Damuwata ɗaya ce, ba a bari in taɓa komai. Shekara arba'in ina fentin mota, amma yau ko ƙwan fitila ne ya mutu, kafin in miƙe surukina ya riga ya hau kujera yana cewa in zauna in huta. Na huta har hutun ya gaji da ni.

Kwamfutar Auta ce ke ba ni tausayi. Baƙin akwati ne a ƙarƙashin teburin ɗakin karatu, dab da taga, kuma kwana biyun nan gurnani take yi kamar tsohuwar mota a kan hawa. Jiya sau biyu tana ɗaukewa saboda zafi. Na durƙusa da ƙyar na leƙa ramukan bayanta, na tarar ƙura ta toshe su ƙam. A cikinta kuwa kundin digirin Auta yake, aikin shekara huɗu, za ta miƙa shi ran 28 ga watan nan.

Ta ce za ta sayo iskar gwangwani da ake fesa wa irin waɗannan na'urori, ko ta kai wa mai gyara in ta samu sarari. Na yi dariya har na ƙware. Wai yanzu har iska ake ɗurawa a gwangwani a sayar wa masu ilimi. Ni da na tsufa a gefen tanki guda na iska, kyauta.

Ta ce, "Baba, na san wannan dariyar. Don Allah kar ka taɓa mini ita."

Na ce to.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Na taɓa ta.

Suna fita aiki na zare wayoyin, na naɗe akwatin a bargo, na tari tasi zuwa gareji. Har yanzu makullina yana buɗe ƙofar. Gajere, wanda ya koyi aiki a hannuna na kuma bar masa wurin, ya tafi wani aiki a waje. Ba kowa sai warin fenti, wanda ashe na yi kewarsa.

Sukuru huɗu ne kawai ke riƙe da murfin. Da na buɗe sai da na yi salati. Ƙura ta yi dunƙule-dunƙule a kan fanka, ta lulluɓe allon da ke ciki. Na ɗauki sabon burushin fenti mai laushi na bi lungu-lungu a hankali, ta fita kusan duka. Mai hankali a nan zai tsaya. Amma ni don injin iska na fesa fenti na hau tasi, saboda haka na kunna shi. Da na saita tiyo, fankar ta juya har da fito, ƙura ta tashi, na yi atishawa bakwai a jere. Rabon da in ji daɗi irin wannan tun ina da gwiwa.

Tiyon ya ɗan yi tari sau ɗaya. Ba wani abu ba ne. Na goge da tsumma, na rufe, na dawo da ita mazauninta kafin azahar. Ko wayar da na samu a karkace, a karkace na mayar da ita.

Ina jiran in ga fuskar Auta in ta kunna ta ji shiru.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

An yi ruwa da la'asar, mai iska, ina barcin rana ban ji ba. Auta ta dawo biyar da rabi ta shige ɗakin karatu. Daga falo na ji ƙara tas, sai ƙauri ya biyo baya.

Tagar a buɗe take. Surukina ne ke buɗe ta kowace safiya don ɗakin ya sha iska, ita kuma kullum sai ta ce masa ya rufe kafin ya fita. Labule ya jiƙe sharkaf, ƙasa ta jiƙe. Yana shigowa gida ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na duba da kyau, ruwan bai kai gindin akwatin ba, saura kamar taƙi ɗaya. Ni kaɗai na duba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na safe

Awon ya hau. Bari in rubuta abin yadda yake, ko takarda ta sani.

Tankin injin iska yana tara ruwa a gindinsa, balle da damina. Kafin ka fesa komai sai ka kwance ɗan famfon da ke ƙasa, ruwan ya zube. Shi ne darasin farko da nake koya wa duk wanda ya shigo garejina. Na taɓa korar mutum sati guda a kansa, don ya ɓata mini murfin mota. Jiya ɗoki ya kwashe ni, ban kwance ba. Ba tari tiyon ya yi ba. Tofi ya yi, ruwa ja mai haɗe da mai, a tsakiyar allon. Na goge inda idona ya kai, na bar inda bai kai ba.

Zan faɗa mata yau in ta huce.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ta huce ba.

Surukina ya kai akwatin wurin mai gyara. Ya dawo da labarin cewa ruwa ne ya shiga, babban allon ya ƙone. Ɓangaren da ke ajiye rubutu mai yiwuwa ya tsira, amma shi ma ya taɓu, sai an bi shi a hankali, ba ƙasa da kwana goma ba. Kwafin da Auta ta ajiye a filas, ɗan ma'ajin rubutu da ake soka wa kwamfuta, ya kai wata uku. Babi biyu na ƙarshe babu su a ciki.

A kan tebur Auta ta wanke mijinta tas. Ta ce ba taga ba ce kawai, halinsa ne, ba ya ɗaukar abin da take yi da muhimmanci, shekara huɗu ko sau ɗaya bai tambaye ta a kan me take rubutu ba. Wannan ba gaskiya ba ne, ni shaida ne, shi ke kai ta laburare ran Asabar ya zauna a mota yana jira. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali.

Ni kuma na cinye shinkafata. Har da ƙari, don kar a ce wani abu na damuna.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban faɗa ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Jiya da yamma na shirya. Na tsara maganar tun daga masallaci, na haddace ta, na je na tsaya a ƙofar ɗakin karatu. Tana zaune a ƙasa, takardunta na hannu baje kewaye da ita, tana ƙoƙarin tuno babi na biyar a wata ƙaramar kwamfuta da ta aro a wurin aiki. Ta ɗago, idanunta jawur.

Ta ce, "Baba, da na sani da kai na bar wa ita. Kai ba ka taɓa wasa da kayan mutane ba."

Ta ce tun tana ƙarama take faɗa wa ƙawayenta babu abin da hannun babanta ya taɓa ya lalace. Ta tuno mini kekenta, ta tuno rediyon marigayiya mahaifiyarta. Na tsaya da haddata a baki har ta narke. Daga ƙarshe na ce mata Allah ya ba da sa'a, na juya.

Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba. Mafi muni, yabon ya yi mini daɗi kafin ya yi mini ciwo.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Na fito alwala na ga bargo a ninke a hannun kujerar falo, matashi a kai. Ban san kwana nawa ke nan ba. Da surukina ya gan ni sai ya yi sauri ya tura su bayan kujera, ya gaishe ni, ya tafi ɗora mini ruwan shayi kamar kullum.

Shirun mutumin nan ya fara ba ni haushi. Namiji ne kai, ka buɗe baki ka ce ruwan bai kai wurin ba, ka ce a sake dubawa, ka yi musu. Da zai yi musu da wataƙila maganar ta zagayo kaina, a tambaye ni, in amsa. Wanda aka tambaya ya amsa ya fi wanda zai je da ƙafarsa sauƙi.

Duba ni. Na ƙona kayan 'yata, ina kuma jin haushin wanda ke kwana a kujera saboda laifina.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Gajere ya zo gaisuwa. Yana zama ya ce mai shagon da ke kusa ya gaya masa an ga maigida a gareji kwanakin baya, da kaya a bargo. Ya yi dariya ya ce Allah ya sa ban duba tanki ba, don ya yi sati uku bai zubar da ruwan ba, da na gani da ya sha faɗa.

Auta tana kicin, ƙofa a buɗe. Na ɗaga murya na ce tsohon akwatin kayan aikina na je ɗauka, na jawo hirar tsadar fenti, na ƙi sakin ta har ya tashi. Na raka shi har titi, abin da ban taɓa yi ba, da wannan gwiwar.

Da can shiru kawai na yi. Yau na yi ƙarya da bakina, a shekara sittin da takwas, a gaban mutumin da na koya wa cewa in ka ɓata aiki ka faɗa tun kafin mai mota ya gani.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na wanke kwanuka, na share tsakar gida, na gyara hannun tukunyar da ke lilo. Auta ta ce Baba yau lafiya. Na ce motsa jiki ne, likita ya ce.

Ban faɗa ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mai gyara ya kira. An fito da komai, babi shida cif, ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Auta ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ni ma na shiga ɗaki na yi nawa. Na yi sujada. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya rufa mini asiri, maganar ta mutu.

Ba ta mutu ba. Surukina ya shigo da lemo da murnarsa, ya ce mata barka. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce Allah ne ya dube ta, ba don wani ya damu ba. Can an jima ta same ni a ɗaki ta ce in ta miƙa kundin za ta je gidan Yayarta ta ɗan huta, ta kwana biyu, akwai abubuwan da take so ta yi tunani a kansu. Ta ce in ina so mu tafi tare.

Na aurar da 'ya'ya huɗu. Na san kwana biyun da ake faɗa da irin wannan murya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Rubutu ya dawo, amma abin da aka faɗa a kan tebur bai koma ba. Ban faɗa ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Surukina ya kai ni asibiti duba gwiwa. A dawowa muka shiga cunkoso, motoci sun tsaya cak. Ban shirya ba wannan karon, wataƙila shi ya sa ta fito. Na ce masa ina da magana a kan kwamfutar nan.

Bai juyo ba. Ya ce, "Na sani, Baba."

Tun ranar da ya kai ta ya sani. Mai gyara ya buɗe a gabansa, ya nuna masa ciki fes babu ƙura, a na'urar da ta shekara shida ba a buɗe ba. Ya shafa allon ya nuna masa yatsa, ya ce ruwan sama ba ya zuwa da mai. Ya tambaye shi wa ya fesa mata injin gareji. Surukina ya roƙe shi ya bar maganar a ruwa kawai.

Na tambaye shi don me. Idonsa yana kan bayan motar da ke gabanmu.

Ya ce, "Tagar dai na bar ta a buɗe, wannan gaskiya ne. Ni mijinta ne, fushin zai zo ya wuce. Ku kuwa ku kaɗai kuka rage mata a iyaye. Ku bar shi haka, Baba, na roƙe ku."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kwana goma sha biyar yana dafa mini shayi, yana ɗauko mini sanda, ya san komai. Duk ƙarin shinkafar da na yi, yana kallo. Ni kuwa ina rubuta a nan cewa shirunsa na ba ni haushi.

Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba. Hanya ta buɗe muka taho.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ya ba ni ƙofar fita, kuma zuciyata tana son bi. Tun jiya take kawo mini hujjoji. Mai haƙƙin ya yafe. Rubutu ya dawo. Faɗar ba za ta gyara allon da ya ƙone ba. Kowace hujja da kyanta, sai dai duk a gefena suke tsayawa.

Ya ce fushin zai wuce. Bai san 'yata kamar yadda na san ta ba. Halina ta ɗauko. In ta yanke wa mutum hukunci a ranta, ba ta ɗaga murya kuma, tattara kayanta take yi a hankali.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta sauko da babbar jaka daga saman kabad. Ba jakar kwana biyu ba ce.

Na ce wa kaina bari ta miƙa kundin tukuna, kar in rikita ta saura kwana biyu. Wannan hujjar gaskiya ce, amma na san ba don gaskiyarta na riƙe ta ba. Juma'a. Na rubuta a nan don in ga rubutun hannuna in ji kunyarsa. Juma'a.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ta miƙa. Ta dawo da la'asar, ta rungume ni a tsakar gida, ta ce addu'ata ce. Daga nan ta shiga ɗaki ta hau ninke kaya.

Na bi ta. Ban zauna ba, don na san in na zauna zan fara da hirar hanya. Na ce Auta, ba ruwan sama ba ne ya ƙona kwamfutarki, ni ne. Na faɗa mata tasi, da bargo, da burushi, da tankin da ban zubar ba. Na faɗa mata na ga ruwan tagar bai kai wurin ba tun a ranar. Na faɗa mata ƙaryar da na yi gaban Gajere. Ban tsallake komai ba.

Tana riƙe da wata riga, ba ta ninke ba, ba ta ajiye ba. Da na gama ba ta yi maganar kwamfuta ba ko kaɗan.

Ta ce, "Shi ya sani?"

Na ce ya sani tun ranar bakwai ga wata, kuma shi ya roƙe ni in yi shiru.

Ta zauna a bakin gado. Na yi zaton za ta yi faɗa, na ma so ta yi. A hankali ta yi maganar.

"Sati uku, Baba. A gabanka nake ci masa mutunci, kana zaune kana cin abinci."

Ta miƙe ta wuce ni a bakin ƙofa, ta kauce don kar kafaɗarta ta taɓa ni. Surukina yana falo. Na ji muryarta ƙasa-ƙasa, na ji kuka, na ji yana cewa ta tashi, ta tashi don Allah, ba komai. Ban leƙa ba. Na san durƙusawa ta yi, kuma na san wanda ya durƙusar da ita.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Babu bargo a falo.

Ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ajiye mini shayi da burodi, ta tambayi gwiwata. Duk wannan idonta yana kan faranti. Surukina ne ya jawo kujera ya zauna muka sha tare, yana ta neman abin da zai ce, shi da ba ya magana. Daga kicin ta ɗaga murya ta tambaye shi ko sukarin ya yi masa.

Ban san ranar da za ta sake duban fuskata ba, ba ni kuma da bakin tambaya. Da na wuce ƙofar ɗakinsu na ga ta hau kujera tana mayar da jakar saman kabad, da hannu ɗaya, don babu komai a ciki.